Sa Hannun Shugabanni da Barkwancinsu

A hutun da ya wuce kakana ya buɗe mini wata tsohuwar adaka a gidanmu na Unguwar Sarki, nan Kaduna. A cikinta akwai katin jam'iyyar NPC, watau jam'iyya mai alamar fartanya, da wata wasiƙa wadda wani ministan tsohuwar Jihar Arewa ya sa wa hannu. Gara ta riga ta ci gefe guda. Kawuna ya ce a sayar wa wani dillalin tsofaffin kaya, ni kuwa na roƙi a dakata. Abin da na bincika daga baya shi ne zan gaya muku, 'yan'uwana ɗalibai.

A ƙasashen Turawa tara irin waɗannan takardu sana'a ce babba. A Amurka ana yin gwanjon wasiƙun shugabanninsu na da, irin su Abraham Lincoln, kuma masu kuɗi na rububinsu. Mai saye yakan duba shekarun takardar, da lafiyarta, da abin da aka rubuta a ciki. Wasiƙar da shugaba ya saki jiki ya yi raha a cikinta ta fi busasshiyar takardar ofis jan hankali, domin a nan ne ake ganin halinsa. Sa'an nan sai a tabbata hannun mutum ne ya yi sa hannun, gama akwai na'urar da ke kwaikwayonsa. Har Shugaba Obama ya sa an yi amfani da ita a kan wata doka a 2011, lokacin yana Faransa.

To, amma yawancin barkwancin shugabanni ba a takarda yake ba, a bakin jama'a yake. Marigayi Muhammadu Buhari, wanda ke da gida a nan Kaduna, gwani ne wajen sakin magana fuska a ɗaure. A Disamba 2018, da jita-jita ta yi yawa cewa wai ya rasu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, sai ya shaida wa 'yan Nijeriya mazauna Poland cewa shi ɗin ne dai, kuma yana shirin cika shekara 76. Aka yi ta dariya. Ba kullum abin ke yin daɗi ba kuwa. A 2016 a Jamus, yana tsaye kusa da Angela Merkel, ya ce wurin matarsa shi ne kicin, mata da yawa suka ji zafi ƙwarai. Ni ma dai ban ga abin dariya a ciki ba.

Muna da wurin ajiyar irin takardar kakana, kusa da mu ma. Gidan Arewa da ke Titin Rabah shi ne gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Yanzu cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ɗakin adana takardu da na kayan tarihi. Dillali zai kai wasiƙar inda ba mai sake ganinta, alhali a can kowane ɗalibi zai iya neman ya karanta.

Na kai wa kakana wannan bayani. Ya yi murmushi ya ce, “Kai da gara da kawunka, kowa na son takardar nan.” Ya yi alkawarin ba zai sayar ba sai na dawo hutu. Kafin in koma makaranta na sa ta cikin ambulan, na ɗaga adakar daga ƙasa na ɗora ta bisa tebur.