Wuta da Waƙa

'Yata, na ji damuwarki. Da rana kina bin hakkin masu biyan kuɗin wutar lantarki, da yamma kina zaune da matasan marubuta da mawaƙa. Ana ce miki ba a gudu ana susar takashi, wai sai ki zaɓi ɗaya. Ni gwaggonki ban ga haka ba.

Ki tuna watan Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe. Makonni muna cikin duhu, ga zafi. Akwai wani yaro a unguwarmu ta Jekadafari mai ɗan situdiyo a shago. Na gan shi zaune bakin ƙofa yana fifita da kwali, galan ɗin fetur ba ko ɗigo. Waƙar biki aka ba shi, ranar ta zo ta wuce, ya mayar da kuɗin mutane. Mai ɗinkin surfani da ke kusa da shi ma haka ya yi ta ba da haƙuri. To, idan kin tsaya wa mai biyan kuɗin wuta, ai su kika tsaya wa.

Amma ki san aikin sosai. Tun 2013 rabon wuta ya koma hannun 'yan kasuwa, mu nan muna ƙarƙashin kamfanin Jos. Hukumar NERC ce ke sa musu ido, dokar 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara tasu kasuwar wutar. Ki karanta, ko da kaɗan-kaɗan ne bayan isha'i. Ki koya wa mutane adana bil da rasit. Ƙorafi a rubuce ake fara kai wa kamfani, in bai biya buƙata ba, a wuce gaba. Ihu a bakin taransfoma ba ya kawo mita. Ma'aikacin da kika tarar kuwa ki gaishe shi da mutunci, shi ma gidansa ana ɗauke wuta.

Nan mawaƙan naki za su yi miki rana. Tsohuwa a Pantami ba za ta karanta doka ba, amma baiti biyu a rediyo za ta riƙe su har ta koya wa jikokinta. Sai dai in sun yi miki waƙa ki biya su, ko yaya ne. Kada ki ce ai aikin al'umma ne. Su ma cefane suke yi.

Ranar Juma'a ki biyo ta gida, ki zo min da littafin yarinyar nan da kika ce an buga. Idona ya yi rauni, ke za ki karanta min.