Darasi: Kifi Mai Cin Ciyawar Tafki

Manoma, ciyawa takan rufe tafki. Sauro yakan hayayyafa a cikinta. Haka ma ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya. Idan ta yi yawa, takan shanye iskar ruwa da dare, a wayi gari kifi ya mutu.

Karfasa tana taimako. Tana cin gansakuka. Wata irinta tana cin ciyawa mai taushi.

Ga yadda za a yi:

1. A fara janye ciyawar da manjagara daga bakin ruwa.
2. A zuba 'ya'yan karfasa.
3. Kada a haɗa su da manyan tarwaɗa. Za su cinye su.

Ciyawa mai tauri ta fi ƙarfin karfasa. Sai a sare ta.

Tambaya: Me karfasa take ci?