Daga Birchi zuwa birni: yadda ake zaɓen otal da taya ɗaki idan za a kai iyali hutu

Ɗakin otal ɗan uwan tumatir ne. Kwandon da bai shiga ba yau, gobe sai an karya masa farashi. Ɗakin da ya kwana babu kowa ma ya fi shi asara, domin wannan daren ya tafi ke nan, ba a adana shi a sayar gobe. Kowane manajan otal ya san haka. Magidancin da ya ɗebo iyalinsa daga Birchi ne sau da yawa bai sani ba. Mutumin da zai share rabin sa'a a kasuwar Charanchi yana ja-in-ja a kan tunkiya, da ya ga farashin ɗaki an buga shi a takarda an liƙa a bango, sai ya zaro kuɗi bai ce uffan ba. Alhali wannan farashin na farkon magana ne.

Matakin farko shi ne tsayar da gari da lokaci, domin su ne ke yanke rabin kuɗin. Katsina tana kusa: a bi ta Kurfi, kafin hantsi an isa. Kwana biyu sun isa yara su hau kallon Hasumiyar Gobarau, su shiga gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, a kuma ware yini guda a je Daura ganin rijiyar Kusugu. Masaukai irin su Katsina Motel da Liyafa Palace tsofaffin sunaye ne a garin. Kano kuwa sai an bi ta Dutsin-Ma a fita Kankia, a hau babban titi ta Tsanyawa da Bichi. Ta fi tsada, amma otal sun yi mata yawa, kuma inda masu sayarwa suka yi yawa nan mai saye ke da baki.

Lokutan da ba a samun ragi sanannu ne. Akwai makon Sallah, akwai ƙarshen shekara da bukukuwan aure ke cika ɗakuna daga Alhamis zuwa Lahadi, akwai kuma kwanakin baje kolin duniya da ake yi a titin Zoo na Kano wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba. Mai niyyar kallon Hawan Daushe ya bincika tukuna kafin ya biya kuɗin Sallah. Ko da yake UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, an dakatar da shi a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta. Dogon hutun makaranta na Agusta, daga Litinin zuwa Laraba, shi ne lokacin da manaja ke ɗaga waya da fara'a.

Mataki na biyu, a zaɓi unguwa kafin a zaɓi otal. Wannan shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Manyan otal na Kano, irin su Tahir Guest Palace da Prince Hotel, suna Nassarawa GRA, inda babu hayaniya kuma akwai wurin ajiye mota. Bristol Palace tana wajen Farm Centre, Central Hotel tana titin Bompai. Amma abin da yara suka zo gani yana wani ɓangaren: Gidan Zoo na Audu Bako da Ado Bayero Mall suna titin Zoo, Gidan Makama da kasuwar Kurmi da Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata suna cikin birni. Uwargida kuma, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, Kantin Kwari ne a ranta. Iyalin da ba su zo da mota ba, mutum shida A Daidaita Sahu biyu ne a kowace fita, zuwa da dawowa. Ragin da aka samu a otal mai nisa yakan ƙare a hannun mai keke. Sabon Gari na da ɗakuna masu sauƙi, sai dai wasu da mashaya a ƙasa da kiɗa har tsakar dare, don haka mai yara ya tambaya ƙarara.

Wanda ya daɗe rabonsa da Kano kada ya dogara da tsohon sani. Daula Hotel ta zama tarihi, Shoprite ma ya rufe shagonsa na Ado Bayero Mall a Janairun 2024.

Mataki na uku, a zauna da uwargida a ƙirga ɗakuna. Mata da miji da jinjiri ɗaki guda. Yaran da suka kai shekara goma kuwa, mace da namiji, an san hukuncin raba musu shimfiɗa. Ciki da falo guda ɗaya da ƙarin katifa wani lokacin ya fi ɗakuna biyu sauƙi, ya kuma fi kwanciyar hankali, tunda babu yaron da zai kwana a bayan ƙofar da iyaye ba sa gani. Daga nan sai a ware otal uku ko huɗu, a kira kowanne, a yi masa tambayoyi iri ɗaya.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta wuta. Ba a cewa "Kuna da wuta?" domin kowa zai ce e. Cewa ake yi: "Idan KEDCO ta ɗauke, ƙarfe nawa kuke tada janareta, ƙarfe nawa kuke kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai?" Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a Afrilun 2024, wuta ta zama babban abin da ke cin kuɗin otal, kuma ƙananan masaukai a nan suke tsuke hannu. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, wannan amsar ce za ta nuna ko hutu aka zo ko azaba. A hunturu tambayar takan koma kan ruwan zafi, a damina kuma kan sauro da ragar taga. Sai a bi da sauran: karin kumallo na mutum nawa ne a kowane ɗaki, ana barin shigo da abinci daga waje, akwai masallaci, idan da wurin ninkaya akwai shinge?

Mataki na huɗu, a san farashin kasuwa kafin a buɗe baki. Shafuka irin su Hotels.ng da Booking.com suna nuna abin da otal ke karɓa a ranakun da ake so. A karanta ƙorafin baƙi na watannin baya-bayan nan, a ƙyale yabon. Idan mutum uku da ba su san juna ba sun ambaci famfon da ba ya zuba, to ba ya zuba. Amfanin waɗannan shafuka na biyu shi ne sanin cewa dillalai ne: otal na biyan su la'ada, sau da yawa wajen kashi 15 cikin 100. Wanda ya kira kai tsaye ya tsallake dillali, yana da hujjar neman a raba wannan la'adar da shi.

A Amurka har kamfani aka gina a kan taya ɗaki. Priceline, da ya fara aiki a 1998, ya bar matafiyi ya faɗi unguwa da darajar otal da abin da zai iya biya. Idan wani otal ya sallama, sai a cire kuɗin nan take, sannan a gaya masa sunan wurin, kuma babu fasawa. Cinikin biri a sama ke nan, kuma ga mai yara huɗu ba dabara ba ce, domin bai san ko gado ɗaya zai tarar ba. Daga baya kamfanin ya daina tsarin. A Kano tayin ya fi daɗi, tunda mutum ya san da wa yake magana.

Mataki na biyar shi ne cinikin kansa. Yarinyar da ke karɓar baƙi yawanci ba ta da ikon rage ko sisi, don haka a gaishe ta da mutunci a nemi manaja. A kira da hantsi ranar aiki, lokacin da ba shi da layi a gabansa. A fara da jimla, ba farashin dare ɗaya ba: "Ranka ya daɗe, ɗaki biyu nake so, kwana uku, Litinin zuwa Alhamis, ni da iyali. Nawa za ka bar mini duka, har da haraji?"

Wannan "har da haraji" tana da muhimmanci. Harajin VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kuma otal da yawa na ɗora kashi 10 na hidima. A ƙaddara, don misali, ɗaki naira 40,000 ne. Ɗaki biyu kwana uku 240,000, idan aka ɗora waɗancan biyun ya zama 282,000. Mai taya sai ya ce, "Yallaɓai, na saya 30,000 kowane ɗaki, komai a ciki." Manaja zai ce albarka. Ba a tashi, ba a kuma ƙara kuɗi nan take. Sai a ambaci abin da otal na makwabta ya ce, da gaskiya, domin sun san farashin juna. Idan aka daidaita a 34,000 komai a ciki, jimla 204,000 ke nan, an tsira da 78,000, kuɗin mota da tsaraba. Tayin rabin farashi kuwa wulaƙanci ne, yakan rufe ƙofar da a buɗe take.

Idan manaja ya kafe a kan farashi, sai a koma neman gyara. Katifar yara kyauta, karin kumallo na mutum shida maimakon huɗu, ɗaki mafi girma a kuɗin ƙarami, ko a bari a fita bayan La'asar maimakon ƙarfe 12 na rana. Waɗannan ba sa ci wa otal kuɗi sosai, shi ya sa ake saurin sallama su. Ma'aikacin gwamnati ko na jami'ar Dutsin-Ma ya tambaya ko akwai farashin da ake yi wa ma'aikatu. Tambaya ba ta da haraji.

Mataki na shida, a ɗaure magana a rubuce. Manaja ya turo ta WhatsApp: ranaku, irin ɗaki, jimlar kuɗi, abin da aka haɗa, da sharaɗin mayar da kuɗi idan tafiya ta fasu. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin dare ɗaya, kuma a tura shi asusun da ke ɗauke da sunan otal, ba na wani mutum ba. 'Yan damfara na buɗe shafukan Facebook da hotunan otal na gaske. Kusan kowane gida a Birchi yana da ɗa ko ƙane da ke karatu ko kasuwanci a Kano: a tura shi ya shiga ɗakin da ƙafarsa, ya buɗe famfo, ya kunna na'urar sanyi, ya ɗaga zanen gado ya duba kuɗin cizo.

Ranar tafiya a yi sammako, amma ba na duhu ba. Mutanen Kurfi da Dutsin-Ma ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalilin da ya sa ba a bin hanyoyin nan da dare. A lissafa yadda za a isa wajen ƙarfe 2 na rana, lokacin da yawancin otal ke miƙa ɗaki. Maigida ya riƙe katin shaida, ya bar iyali da kaya a mota, ya hau ya ga ɗakin kafin ya cika sauran kuɗin. Idan ba shi ne wanda aka yi magana a kai ba, ya nuna saƙon manaja ya nemi canji tun kuɗin na aljihunsa. Ya karɓi rasit, ya kuma tambaya ko ruwa da lemon da ke cikin firij na sayarwa ne, kafin yara su riga shi ganowa.

Ranar dawowa a fita Kano da safe. Mai son ya yi Azahar a Birchi, ƙarfe 9 ta same shi ya wuce Dawanau.