Darasi A Kan Cikon Kuɗin Ɗan Kwangila

A ce an gina makaranta a 'Yankuzo, ƙasar Tsafe. Bisa al'ada akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin kwangila har wata 6, don a ga ko bango zai tsage, ko rufi zai yi yoyo.

Rigima kuwa takan tashi ne inda aka ƙara aiki da baki, kamar taga ko baranda. Saboda haka kada hakimi ya yarda da ƙari, sai malami ya rubuta shi da kuɗinsa da kwanan wata.

In wa'adi ya cika, a aika Gusau injiniya ya zo ya duba, sa'an nan a biya ba jinkiri. Magina da masu yashi, talakawan hakimi ne, cikon nan suke jira.