Naman Farauta Da Zafin Bazara

Tambaya: Malam, ina farautar zomo da zabin daji a bayan Bunkure, amma kafin in dawo gida naman ya fara wari. Mene ne mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kayan ciki ne ke fara lalata nama, don haka da ka yanka ka feɗe nan take. Kada ka wanke shi a kanal ɗin Kadawa, ruwan da ke ratsa gonakin da ake yi wa feshi. Leda kuwa, a ranar Afrilu, tukunya ce. Jakar kaba ta fi. Shafa gishiri, ka rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. In kwana za ka yi, yanyana shi ka yi banda a kan hayaƙi.