Yadda Ciwon Daji Ke Farawa da Yadda Magani Ke Yaƙar Sa

Darasinmu na yau ba na waya ba ne, amma wayar da ke hannunka za ta taimaka maka wajen gane shi.

Mene ne ciwon daji?

An gina jikin ɗan adam da ƙwayoyin halitta, kowace tana ɗauke da DNA, wato umarnin da take aiki da shi, kamar manhaja a waya. Akwai umarnin da ke sa ƙwaya ta rabu biyu, akwai mai tsayar da ita, akwai mai sa ta mutu idan ta lalace. Idan kurakurai suka taru a waɗannan umarni, sai ƙwayar ta yi ta rabuwa ba tsayawa, kamar manhajar da ta ƙi rufuwa tana cinye batir. Wannan shi ne ciwon daji, ko kansa.

Magungunan kemo

Yawancinsu suna kai hari ne kan ƙwayar da ke rabuwa. Cisplatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978, yana manne wa DNA ya hana a kwafe shi. Vincristine kuma, da aka samo daga wani fure ɗan asalin Madagaska, yana wargaza zaruruwan da ƙwaya ke amfani da su wajen rabuwa.

Matsalar ita ce saiwar gashi, ɓargo da bangon hanji su ma suna rabuwa da sauri, shi ya sa maganin ke taɓa su. Daga nan ake samun zubar gashi, ƙarancin jini da gudawa. Yawanci gashin yana dawowa bayan an kammala magani.

Magani mai saiti

A 1960, Peter Nowell da David Hungerford sun ga wani gajeren kuromosom, wato ƙunshin DNA, a jinin masu wata kansar jini da ake kira CML. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. Wannan musaya tana haifar da furotin BCR-ABL, wanda ke zama kamar makunnin da ya maƙale a kunne. Imatinib, da aka amince da shi a 2001, yana toshe wannan furotin kai tsaye. Da yawa daga masu cutar yanzu suna rayuwa shekaru masu yawa suna shan ƙwayar kullum.

Abin lura

Ƙwayoyin kansa suna ci gaba da sauyawa, wasu har su daina jin magani. Shi ya sa likitoci kan haɗa magunguna, kuma yanke magani a tsakiya yana ba ragowar damar farfaɗowa. Idan ɗan uwanka yana kan kemo ya galabaita, a gaya wa likita, kada a daina da kai. Sai mun haɗu a darasi na gaba.