Amsoshin Tambayoyinku: Wane Allon Rubutun Kwamfuta Ne Zai Rage Mini Ciwon Hannu?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani matashi a Dumega, cikin ƙasar Arewa ta jihar Dosso, wanda sana'arsa buga wa mutane takardu a kwamfuta. Ya ce wuyan hannunsa na dama yana masa zogi, da dare kuma yatsunsa su riƙa mutuwa. Wasu sun ce masa sanyi ne, wani kuma ya ce ya sayi allon madannai na musamman ya huta. Yana son ya san wanne zai zaɓa.

Madalla da tambayarka, ɗana. Wannan ciwo ya girmi kwamfuta. Tun a 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya bayyana shi a jikin magatakarda masu wuni suna rubutu da alƙalami. Masu daka da masu ɗinkin hula ma sun san shi. Sanyin hunturu kan sa a ƙara jin zafin, amma tushensa maimaita motsi iri ɗaya ne ba hutu, hannu kuma yana lanƙwashe.

A wuyan hannu akwai wata ƴar ƙuntatacciyar hanya. Ta cikinta igiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiya guda mai kai ji ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe. Idan wurin ya kumbura, sai jijiyar ta matsu, yatsun nan su mutu. Aikin allo mai kyau shi ne ya bar wuyan hannu a miƙe.

Allo na yau da kullum yana karkatar da hannu ta fuska uku. Na farko, madannan a cunkushe suke, sai tafin hannu ya karkace wajen ƙaramin yatsa. Maganin wannan shi ne allon da aka raba madannansa gida biyu, kowane hannu da ɓangarensa. Kamfanin Maltron na Ingila ya fara irinsa tun shekarun 1970, Microsoft kuma ya fito da nasa a 1994. Na biyu, allo mai tudu ta baya yana sa hannu ya ɗage sama. Ka nemi mai faɗi maras kauri, kuma ƴan ƙafafun nan na ƙarƙashinsa ka naɗe su. Na uku, tafin hannu yana kife gaba ɗaya. Allon da tsakiyarsa ta ɗan taso kamar doron tanti yana rage wannan.

Tunda hannun dama ne ke damunka, duba ɓangaren lambobin da ke gefen dama. Shi ke tura linzamin kwamfuta nesa, kafaɗa ta wuni a miƙe. In ba lissafi ne yawan aikinka ba, sayi allon da ba shi da wannan ɓangare.

Akwai abin da ya shafe ku musamman, da yake kuna kusa da iyakar Najeriya. Allunan da ke zuwa daga kasuwannin Najeriya yawanci QWERTY ne, na Ingilishi, ku kuwa da Faransanci kuke aiki, kun saba da AZERTY mai é, è da ç. Ka karanta haruffa shida na farko kafin ka biya. Ka taɓa madannan ka ji ko suna sauka da sauƙi. Mai waya ya fi maka, don ba ruwansa da batir. In ka tashi aiki ka rufe shi da ƙyalle, saboda ƙurar hunturu tana sa madannai tauri, kai kuma ka riƙa dukansu da ƙarfi. Kada ka damu in saurinka ya ragu a kwanakin farko. Hannu zai saba.

Sai dai allo ba magani ba ne shi kaɗai. Ka gyara kujera yadda gwiwar hannunka za ta yi daidai da tebur, kada ka jingina wuyan hannu a kan bakin tebur kana bugawa. In kwamfutarka ta tafi-da-gidanka ce, ɗora ta kan littattafai fuskarta ta kai idonka, ka haɗa mata allo daban. Duk bayan rabin awa ka sauke hannu minti ɗaya ko biyu, ka buɗe yatsu, ka juya kafaɗa.

Mutuwar yatsu da dare kuwa ba abin jira ba ce. Ciwon suga da matsalar maƙoƙo ma suna kawo ta. Ka je asibitin garinku, ko na Dogondutsi, a duba ka. Sau da yawa maɗaurin wuyan hannu da ake ɗaurawa da dare yana taimakawa in an fara da wuri. Hannun nan shi ne jarinka, ɗana, kada ka bari sai ya kasa riƙe cokali. Allah ya ba ka lafiya.